Lambar Auta

Ni sabulu na iya yi, ban iya sayar da shi ba. Idan mai saye ta shigo ta ɗauki guda, ta shinshina, ta ce ya yi tsada, abin da ke fara zuwa bakina shi ne, "To ajiye." Ƙanwata Auta kuwa sai ta karɓi sabulun daga hannun matar, ta tambaye ta lafiyar yara, ta yaba mata jaka, ta gano cewa diddigenta na tsagewa, kafin ka ankara matar ta fita da leda cike tana godiya kamar kyauta aka yi mata. Haka muka yi shekaru, ni a ɗakin baya da bokitai da sikeli da safar hannu, ita a gaban shago da bakinta. Idan babu masu saye, ni take juyowa. Ta ba ni labarin mafarkin da ta yi, da na maƙwabta, da na mutanen da ban sani ba kuma ban nemi sani ba. Nakan ce mata, "Auta, don Allah ki bar kunnena ya huta." Ba ta taɓa barinsa ba.

Sai aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, irin nisan da mota ke kwana a hanya. Ba faɗa muka yi ba, ina so a san wannan, don mutane sun fi son su ji an yi faɗa. Ni na taya ta ɗaure kaya, ni na raka ta tasha. Da farko kullum muna waya. Daga baya ya zama idan ta kira hannuna na cikin ruwan sodar haɗa sabulu, kafin in cire safa in ɗauraye hannu ta katse. Idan ni na kira, tana hanyar ɗauko yara daga makaranta. "Yaya, zan kira ki anjima." Anjimar nan ta yi ta miƙewa har ta zama mako, ta zama wata. Ranar da aka yi sa'a muka samu juna kuma, da an gama gaisuwa sai mu rasa ta cewa. Ashe aiki ne ke ɗauke da hirarmu: an kawo mai, kwali ya ƙare, waccan matar mai ƙorafi ta dawo. Da aikin ya fita daga tsakaninmu sai na gane ban iya kiran mutum haka kawai in ce masa ina kewarsa ba. Kuma kewarta nake yi sosai, har nakan haɗa shayi kofi biyu da safe, in tsaya ina hararar ɗayan kamar shi ya yi min laifi.

Ciniki ma ya ji a jikinsa. 'Yata, wadda nake kira Manaja tun tana ƙarama saboda son ba da umarni, ta gama karatu ta karɓi gaban shagon. Yarinya ce mai ƙoƙari, amma wajen magana da masu saye ni ta gado, Allah ya taimake ta. Abin da ta iya shi ne kwamfuta. Ta buɗe mana shafi a intanet, ta ɗauki hotunan sabulun a kan farin tawul har ni da na yi shi na ji ina son in saya. Wata rana ina yanka sabulun lemo ta leƙo ɗakin baya, rungume da kwamfutarta.

"Mama, wakilai za mu ɗauka."

"Da wane kuɗin zan biya su albashi?"

"Babu albashi. Kowa za a ba shi lambarsa da linkinsa. Ya tura wa mutanensa, duk wanda ya danna ya saya sai mu aika masa kaya, shi kuma mai linkin ya samu kasonsa."

"Dillanci ke nan. La'ada."

"To, dillanci. Amma na zamani."

"Dillalin da ban ga idonsa ba, ban san ƙofar gidansu ba, shi zai riƙa yawo da sunan sabuluna? Manaja, je ki share shago."

Ba ta haƙura ba, don wajen naci ubanta ta biyo. Ta dawo washegari, ta dawo jibi, tana nuna min zane-zanen layuka masu hawa sama. Na yi mata kunnen uwar shegu. Ranar da ta ci ni, ba ta ma san ta ci ni ba. Tana tattara kayanta za ta fita ta ce, "Ni abin da ke ba ni takaici, Mama, ba sai mutum yana garin nan ba fa. Ko a bangon duniya yake, in dai yana da waya da baki, zai iya."

Wuƙar ta tsaya min a tsakiyar sabulu. Na san mutum ɗaya a bangon duniya mai waya da baki.

Na ɗan ja aji, na ce zan yi tunani, da yamma na ce to a gwada. Manaja ta ɗauka zanen layukanta ne ya yi aiki, ni kuma na bar ta a haka. Cikin raina na riga na gama tsara komai. Auta za ta kira ta tambayi farashi. Za ta kira ta ji wane ƙamshi ne ya rage a kan kanta, wane ne bai gama bushewa ba. Za ta kira ta ji ko an aika kaya, sannan ta kira ta yi min rigima a kan la'ada, ta ce ta yi kaɗan, in ce mata in ba ta so ta bari. Har rigimar nake marmari.

Muka fara da na kusa. Mai kitson da ke layinmu ta shiga, don ita mata na zaune a gabanta ba damar gudu. Wata nas da ke sayen sabulunmu marar ƙamshi ta shiga. Ƙawayen Manaja suka shiga, kowace tana tambaya ko za a ba ta na gwaji kyauta. Sai da aka kwana biyu ana haka, ina goge sikeli, na ce kamar yanzu abin ya faɗo min, "Af, ki tura wa Antinki ma."

Manaja ta ɗago. "Ba za ki kira ta ki gaya mata da bakinki ba?"

"Don me? Ki tura mata kamar kowa."

Ina da dalilina. So nake ita ta kira. So nake wayar ta yi ƙara, in ɗauka in ji ta tana cewa, "Yaya! Mene ne kuma wannan kuka ɓullo da shi?" Ranar ko ruwan soda ban haɗa ba. Na zauna ina naɗe sabulu a takarda, aikin da hannu ke bushe, wayar na gefena a kan tebur. Mai kawo mana kwali ya kira. Wani ya kira ya ce ya yi kuskuren lamba, na yi masa masifar da ba tasa ba. Can da la'asar Manaja ta ɗaga murya daga gaba.

"Mama, Anti ta yi rajista! Ita ce lamba bakwai."

"Ta ce me?"

"Ba ta ce komai ba. Ai ba sai ta ce komai ba, cikewa kawai ake yi a danna."

Nan na fara sanin irin abin da na yarda aka kafa min a shago. Manaja ta zaunar da ni tana nuna min, fuskarta cike da alfahari. Farashi na kan shafin. Abin da ya rage a kan kanta na kan shafin, da kansa yake raguwa idan an saya. Idan mai kai kaya ya ɗauka, saƙo ke tafiya da kansa. La'ada ma da kanta take shiga asusun mutum a ƙarshen wata, ba tambaya ba godiya.

"Kin gani ko? Na tsara shi yadda babu wanda zai dame ki da waya."

Na ce, "Allah ya yi miki albarka." Da gaske nake, amma da ƙyar ya fito.

Auta kuwa ta kama aiki kamar da ma jira take. Duk lokacin da aka saya ta linkin wani, kwamfutar Manaja kan yi wata 'yar ƙara, ƙil. Na koyi jin ƙarar nan ko injin gauraya na aiki. Sai in ɗaga murya in ce, "Ta wa?" Mafi yawan lokaci amsar ɗaya ce: "Lamba bakwai." Mai kitso na ƙoƙari, nas ma ba laifi, ƙawayen Manaja sun karɓi na gwaji sun ɓace. Amma lamba bakwai ita kaɗai ta sa na ƙara sayen mai, na ƙara buga katakon shanya a bango. Manaja na murna har tana rawa a gaban shago. Ni ma ina murna, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai ban taɓa sanin mutum zai yi kusa da kai haka a aiki, kullum kana jin motsinsa, amma ko tarinsa ba ka ji ba.

Na hana kowa taɓa kayan lamba bakwai, ni nake ɗaure su. Ina karanta sunayen matan da sunayen titunansu, titunan da ban taɓa takawa ba, ina ƙiyasta su a raina. Wannan mai sayen na lemo kullum, na ce ƙila siririya ce mai tsabtar tsiya. Wannan mai sayen guda ɗaya tak, na ce marowaciya ce, kuma na san Auta ta sha fama kafin ta ciro shi daga hannunta. Kishinsu nake yi, in faɗi gaskiya. Su ne yanzu ake tambayar lafiyar yaransu, su ake ba labarin mafarki. Wataƙila har akwai mai ce mata ta bar kunnenta ya huta, ba ta san abin da ta samu ba.

Wata rana Manaja ta miƙo min wayarta. "Kalli yadda Anti ke talla." Ɗan gajeren bidiyo ne. Ba a ganin fuskarta, sai hannayenta a bakin famfon kicin, tana murza sabulun na'a-na'a yana kumfa, tana magana. Muryar nan dai, da saurinta, da yadda take dariya tun kafin ta ƙarasa abin dariyar. Tana cewa, "Wannan yayata ce ke yin sa da hannunta, kuma in kun san yayata, ba ta yarda ko ɗigon mai ya wuce awo." Na ce Manaja ta tura min. Na kalle shi a ɗakin baya har na haddace. Na ga tagar kicin ɗin ƙarama ce, bango take kallo. Na ga zobenta na juyawa a yatsa, alhali da ƙyar yake fita a da. Ta rame ke nan, kuma babu wanda ya gaya min.

Mai hankali zai ce, to ki kira ta mana. Na ɗauki wayar ba sau ɗaya ba. Amma in ce me? In ce na ga zobenki na juyawa? Ita da ta ga saƙo ta cike ta danna ko uffan ba ta ce ba, ƙila haka ta fi so, ƙila ta samu mutanenta ta huta da yaya mai ɗaure fuska. Sai in ajiye wayar in koma kan bokiti.

Na fara da alheri. Na riƙa jefa ƙarin sabulu guda a kwalin masu sayenta, ina cewa dole ɗaya ta gaya mata, ita kuma ta kira ta ce, "Yaya, kyauta kike rabawa? Za ki karya mu!" Matan suka yi godiya, amma a kan shafin suka yi ta, da 'yan taurari biyar-biyar. Manaja ta ce dabarar kasuwanci ce mai kyau, ta tambaye ni inda na koya.

Sai shaiɗan ya kawo min wata shawara, ni kuma na ba shi kujera. Na lura duk abin da ya tafi daidai, shafin ne ke cinye shi. Abin da ya karkace ne kaɗai ke buƙatar bakin mutum. Da safe oda ta shigo daga siririyar nan mai son na lemo. Na ɗauko na kanumfari, mai ƙamshin da ke cika ɗaki, na naɗe, na sa a kwalinta, na manne. Ni da ban taɓa aika wa mutum abin da bai saya ba.

Na jira. Bayan 'yan kwanaki kwamfuta ta yi ƙil. Siririya ce. Ta rubuta cewa an yi kuskure an aiko mata da wani, amma ta ji daɗinsa, a ƙaro mata uku. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Na sake, wannan karon mutum uku na hautsina wa kaya. Ƙorafi ya zo, amma wurin Manaja ya zo, ta wani ɗan akwati da ta tanada a shafin don ƙorafi. Kafin azahar ta ba su haƙuri, ta aika musu na daidai, magana ta mutu. Sannan ta shigo ɗakin baya ta tsaya tana kallona, kallon da ban so ba.

"Mama, ki gaya min gaskiya. Kina ganin rubutun kwalin nan sosai?"

"Ras nake gani."

"Akwai likitan ido a bayan asibiti, an ce yana da kirki. In kin ga aikin ya yi miki yawa, ni sai in riƙa ɗaure kayan Anti."

"Ki taɓa su ki gani."

Ta fita jikinta a sanyaye. Na ji kunya, don na ga tsoro a idon yarinyar, tana ganin uwarta ta fara tsufa. Na yi niyyar bari. Wallahi na yi niyya.

Sai ga oda babba ta lamba bakwai, daga wata mai gidan saukar baƙi. Ƙananan sabulai take so, na lemo, irin waɗanda ake ajiye wa baƙo a banɗaki, kuma ta rubuta ranar da take son su don tana da baƙi masu yawa. Na yanka su da kaina, na jera, sun yi kyau kamar a cinye. Na tsaya a kansu. Na ce a raina, wannan ba za ta shiga ɗan akwatin Manaja ba, wannan sai ta taka har ƙofar Auta. Na ture ƙananan gefe, na cika kwalin da manyan sandunan sabulun wanki, na kanumfari, kowane kamar bulo. Mai kai kaya da ya ɗaga sai da ya ce, "Hajiya, yau duwatsu ake aikawa?"

Ran da wayar ta yi ƙara, gab da azahar ne, ina tsakiyar juya haɗi. Na ga sunan a kan gilashin. Ban san lokacin da na fizge safar da haƙori ba, na bar muciya a tsaye cikin bokiti.

"Yaya!" Ko sallama babu. "Me na yi miki? Me na yi muku a shagon nan? Sabulun wanki? Matar nan baƙinta sun iso, ta buɗe kwali a gaban ma'aikatanta ta ga bulo! Ta zo har gida ta dire min shi a tsakar falo! Baƙo zai shiga wanka a miƙa masa abin da sai ya riƙe da hannu biyu?"

Na jawo wani bokiti na kife na zauna. Ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Ta yi min wankin babban bargo, ta haɗa da Manaja, ta haɗa da mai kai kaya da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta tuno ranar da na ƙona mana tukunyar mai shekarun baya, ta ce tun a lokacin ta san ba a barina ni kaɗai. Haɗin da ke bokiti yana daskarewa a gabana, asarar mai ce guda, ina kallo ko a jikina. Na lumshe ido. Ɗakin ya cika da muryarta har saman kanta, kuma rabon da in ji daɗi irin wannan tun ranar tasha.

Ta tsaya cak. "Yaya. Murmushi kike yi?"

"Ni? A'a."

"Ina jin sa a numfashinki. Tsaya." Na ji tana haɗa lissafi. "Ke da kike gane sabulu da hanci daga bakin ƙofa. Ke da kike banbance na jiya da na shekaranjiya. Ke ce za ki ɗauki na wanki a maimakon na lemo? Da na matan nan uku da suka ba ni labari daga baya? Da na kanumfarin farko?" Muryarta ta sauka. "Da gangan kika yi."

Na ce, "Da gangan."

"Don me?"

Na kalli bango, na kalli sikeli, babu mai taimakona a cikinsu. Na ce, "Ba kya kira."

Na duba wayar ko ta katse. Da ta yi magana, ba faɗa a muryar, kuma na fi son faɗan.

"Kin san abin da aka turo min, Yaya? Na haddace shi. Barka da shigowa cikin wakilanmu, lambarki bakwai. Ni da na share shagon nan ranar da muka karɓi makulli. Ni da na zaɓi launin takardar naɗi. Bakwai, bayan mai kitso. Na zauna a kicin na karanta, na ce shi ke nan, Yaya ta gaya min matsayina, ta yi min hanyar da zan yi aiki ba sai na dame ta ba. Da ma kullum kina cewa in bar kunnenki ya huta. Na ce to bari in nuna mata na iya aiki baki a rufe."

"Auta, don ke aka yi abin nan gaba ɗaya. Mai kitso rakiya ta yi."

"To ki faɗa mana! Bakinki ciwo yake?" Ta ja hanci. "Matar nan da kika kunyata ni a gabanta, ita kaɗai ce ke shigowa gidana a garin nan ta zauna. Sauran duk ta waya ne. Yara na tafiya makaranta, babansu na fita, sai ni da bango. Ina yin bidiyon nan ne don in ji ina magana da wani."

Idona ya ciko. Ni ina nan ina kishin matan da ke shan hirarta, ashe famfo take wa hira. Na ce, "Ba ni lambarta, ni zan kira ta in ba ta haƙuri. Ƙananan na nan a jere, yau za su tafi, kuma kyauta."

"Ke za ki ba mutum haƙuri? Sai na gani a bidiyo." Ta yi 'yar dariya mai haɗe da kuka. Sannan ta ce, "Ki ce wa Manaja ta cire ni."

Na ce, "Auta..."

"Ta cire ni, na ce. Ba na son lambar, ba na son linkin. Yara sun kusa tashi daga makaranta, sai anjima." Ta katse.

Anjima. Na zauna a kan bokitin nan ina kallon haɗin da ya daskare da muciya a tsakiyarsa. Na kira mai gidan baƙi na ba ta haƙuri, da ƙyar ta sauko. Na gaya wa Manaja komai, ba ragi. Ta ce, "Mama, har likitan ido na je na yi wa magana." Sannan ta ce lamba bakwai ita ce rabin cinikin wakilai, in muka cire ta tsarin zai rame. Na ce ta cire, haka mai lambar ta ce. Ta danna abin da za ta danna, ta ce an gama. Ranar kwamfuta ta yi ƙil sau ɗaya ko biyu, ban tambayi ta wa ba. Na koma gida ina jin na yi wasa da ɗan abin da ya rage min har ya fashe a hannuna.

Washegari ina buɗe ɗakin baya wayar ta yi ƙara.

"Shagon sabulu ne?" in ji Auta, da wata murya ta manyan mata. "Ina da oda. Kina da biro?"

Na lalubo biro, na yago gefen kwali. "Ina ji."

"Na na'a-na'a, guda ɗaya."

"Sai me?"

"Shi ke nan. Na wata malamar makarantar su yara ce. Yaya, in kin ga matar nan, takalminta kaɗai abin kallo ne, jiya fa..."

Sai da shayina ya huce kafin mu gama da malamar, da takalminta, da mijinta mai gyaran agogo, da wani mafarki da Auta ta yi an sa ta tuƙa jirgi. Na tambaye ta ko tana cin abinci, ta ce in bar ta, na ce ba zan bari ba. Manaja ta leƙo ta ga na rubuta sabulu ɗaya a gefen kwali, ta kama kai.

"Mama, kuɗin aika shi ya fi kuɗinsa! Ki ce Anti ta haɗa odar duka ta turo a saƙo ɗaya, a ɗaure su tare."

Auta ta ji ta. "Ce wa Manaja tare za a ɗaure su, ƙarshen mako. Amma ni ban iya saƙo ba, ɗaya-ɗaya nake tunawa."

Na ce, "To akwai saura ne?"

"Akwai wata mai son guda biyu," in ji ta. Na ji ƙarar famfo a can bayanta, a kicin ɗin da ban taɓa shiga ba. "Amma ita sai da yamma zan tuna ta. Kina nan ai?"

"Ina zan je?" na ce. "Ina nan."